Yadda ake zuba alƙaluma cikin histogiram alhali zaruruwa da yawa suna aiki lokaci guda

Duk mai kula da sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun jama'a ta intanet, ko ba jima ko ba daɗe sai an tambaye shi tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta amsa. Sabon hannu yakan kawo matsakaici. Matsakaici kuwa ba abin yarda ba ne a wannan fage. A ce buƙatu 99 sun fito a milisakan goma-goma, guda ɗaya ta kwashe milisakan 5,000. Matsakaicin zai ba ka 59.9, adadin da babu ko mutum ɗaya cikin ɗarin nan da ya gamu da shi. Masu sauri ya ƙara musu, wanda ya sha jira kuma ya ɓoye shi.

Shi ya sa ake amfani da histogiram. Jerin bokitai ne, kowane bokiti da iyakarsa da abin ƙirgarsa. Adadi ya zo, a duba bokitin da ya dace da shi, a ƙara ɗaya. Daga baya sai a tambayi bokitan: rabin buƙatu sun gama kafin wane lokaci? Shi ne p50. Kashi 99 cikin 100 fa? Shi ne p99. Da zare ɗaya ne ke aikin da babu wata magana. Amma sabar ta gaske tana da zaruruwa da dama, wato layukan aiki da ke gudana kafaɗa da kafaɗa cikin manhaja guda, kowanne yana son ya taɓa bokitan nan a lokaci ɗaya, ga kuma wani zaren yana son ya karanta su ya kai rahoto. Ƙa'idar da duk wannan bayani ya rataya a kanta ita ce: mai zubawa kada ya jira kowa, mai karantawa kuma kada ya karanta abin da ake tsakiyar zubawa a ciki.

Da Java zan yi misalan, domin a can kayan suka fi cika. A ƙasa akwai abin yi ga masu Go da Python, da masu Prometheus, wato manhajar tattara alƙaluman sa ido a kan sabobi.

Kayan da za ka tanada

- JDK, wato kayan rubuta manhajar Java, daga Java 8 zuwa sama. A Java 8 ta shekarar 2014 aka shigo da `LongAdder`, kuma za mu buƙace shi.
- Laburaren HdrHistogram, wanda Gil Tene na kamfanin Azul Systems ya rubuta. A Maven ko Gradle sunansa `org.hdrhistogram:HdrHistogram`.
- Kwamfuta mai firosesa mai kawuna aƙalla huɗu. A kan mai kai ɗaya yawancin matsalolin da za mu yi magana a kansu sukan laɓe, ka zaci babu su.
- Abin yi wa sabar lodi don gwaji. wrk2 ya fi dacewa, za ka ga dalili a mataki na 8.
- Takarda da biro. Matakin farko da su ake yi.

Mataki na 1: Tsayar da abin da za ka auna, da ma'auninsa, da iyakarsa

Kafin ka rubuta layi ɗaya na kod, amsa tambayoyi uku a takarda.

Ta farko, me ake aunawa, daga ina zuwa ina? Daga shigowar buƙata zuwa fitar amsa, ko kuwa lokacin da ma'ajiyar bayanai kaɗai ta ci? Idan buƙata takan zauna a layi kafin wani zare ya ɗauke ta, wannan zaman yana cikin jiran da mai amfani ya yi, don haka agogo zai fara ne tun shigarta layin.

Ta biyu, da wane ma'auni? HdrHistogram cikakkun lambobi yake karɓa, ba ya karɓar mai ɗigo. Idan ka zaɓi milisakan, duk abin da ya gaza milisakan ɗaya zai zama sifili, ka wayi gari p50 ɗinka sifili ne. Mikrosakan ya fi dacewa da yawancin sabobi. Ka sa ma'aunin cikin sunan, kamar `jinkiriMikro`, domin wanda zai gaje ka bayan shekara guda kada ya zuba milisakan a ciki.

Ta uku, mene ne adadi mafi girma da kake tsammani, kuma wane irin daidaito kake so? A nan lissafin memori yake. HdrHistogram yana karɓar daidaito daga lamba 0 zuwa 5. Lamba 3 na nufin kuskuren ba zai wuce kashi ɗaya cikin dubu na adadin ba, komai girmansa. Daga mikrosakan 1 zuwa awa guda, wato 3,600,000,000, da lamba 3, histogiram ɗaya yana cin kusan 185KB. Ka sauko zuwa lamba 2, sai ya koma ƙasa da 30KB, kuskuren kuma kashi ɗaya cikin ɗari. A ganina lamba 2 ta ishi yawancin ayyuka. Wa zai tada jijiyar wuya a kan bambancin milisakan 200 da 202? Masu zaɓar lamba 5 don kawai ita ce ta ƙarshe, memori suke ƙonawa a banza.

Mataki na 2: Ka ga matsalar da idonka

Kada ka tsallake wannan, ko da ka san labarin. Gudanar da wannan:

```java
long[] kirga = new long[1];
Thread[] zare = new Thread[8];
for (int i = 0; i < 8; i++) {
    zare[i] = new Thread(() -> {
        for (int j = 0; j < 1_000_000; j++) kirga[0]++;
    });
    zare[i].start();
}
for (Thread t : zare) t.join();
System.out.println(kirga[0]);
```

Zaruruwa takwas, kowanne sau miliyan ɗaya, ya kamata a ga 8,000,000. Maimaita shi sau da yawa ka ga abin da ke fitowa. Sau tari zai gaza haka, kuma kowane zagaye da nasa adadin. Dalili shi ne `kirga[0]++` aiki uku ne a dunƙule: a karanto, a ƙara ɗaya, a mayar. Zare biyu suka karanto 41 a tare, kowanne ya mayar da 42, ƙirga ɗaya ta salwanta ke nan. Babu kuskuren da zai bayyana a allo, babu abin da zai faɗi. Wani lokaci ma jimlar za ta fito cif, kuma wannan ne mafi haɗari, domin sai mutum ya ce ai ya gwada, lafiya lau.

Ajin `Histogram` na HdrHistogram haka yake ƙirga a cikinsa. An gina shi ne don zare ɗaya. Ka ba zaruruwa da yawa shi kai tsaye, asarar da ka gani yanzu ita za ta same ka, kuma ta fi tsanani daidai lokacin da lodi ya yi yawa, lokacin da ka fi buƙatar alƙaluman.

Mataki na 3: Gina ƙarami da hannunka

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a sa kwaɗo, wato `synchronized` a kan aikin zubawa. Yana aiki, kuma ba laifi ba ne idan buƙatun ba su wuce 'yan ɗaruruwa a sakan ba. HdrHistogram ma yana da `SynchronizedHistogram` don haka. Inda gizo ke saƙar shi ne, idan mai karantawa ya riƙe kwaɗon yana lissafin p99, duk masu zubawa sai su yi cirko-cirko suna jiransa. Abin aunawa ya koma shi ke haddasa jinkirin da yake aunawa.

Dabara ta gaba ita ce `AtomicLongArray`, inda firosesa ke yin ƙarin nan a bugu ɗaya ba tare da kwaɗo ba. Ƙirga ba ta salwanta. Sai dai yana da nasa cikas ɗin. Firosesa ba ya ɗauko memori bayit-bayit, a layuka yake ɗaukowa, kuma a yawancin injinan x86 layi ɗaya bayit 64 ne. Kowace `long` bayit 8 ce, ke nan bokitai takwas maƙwabtan juna suna kan layi guda. Jinkirin sabar kuwa yakan taru ne a bokitai biyu ko uku na kusa da juna. Sai kawunan firosesa su yi ta fizgar layin nan ɗaya a tsakaninsu, ko da ba bokiti ɗaya suke taɓawa ba.

`LongAdder` an yi shi ne don wannan. Idan ya ga ana gogayya, sai ya rarraba ƙirgar zuwa gurabe da dama da aka nisanta da juna, ya haɗa su sai ranar da aka tambaye shi jimla.

```java
class Histogiram {
    private final long[] iyaka = {
        1_000, 2_500, 5_000, 10_000, 25_000, 50_000,
        100_000, 250_000, 500_000, 1_000_000
    };
    private final LongAdder[] bokiti = new LongAdder[iyaka.length + 1];

    Histogiram() {
        for (int i = 0; i < bokiti.length; i++) bokiti[i] = new LongAdder();
    }

    void zuba(long mikro) {
        int i = Arrays.binarySearch(iyaka, mikro);
        if (i < 0) i = -i - 1;
        bokiti[i].increment();
    }
}
```

Lura da abubuwa uku. Bokitan sun fi iyakokin yawa da ɗaya, na ƙarshen shi ke karɓar duk abin da ya haura sakan guda. Iyakokin suna ninkawa ne, ba a jere da tazara ɗaya suke ba, domin bambancin milisakan 1 da 2 babba ne, na 900 da 901 kuwa ba komai ba ne. Sannan duk inda za ka ajiye jimla, `long` ce, ba `int` ba. `int` tana cika a 2,147,483,647, sabar mai buƙatu 10,000 a sakan za ta kai nan cikin kwana biyu da rabi, ƙirgar ta juye ta koma ƙasa da sifili.

Wannan ƙaramin ya wadatar idan an hana ka shigo da laburaren waje. Amma ka san rauninsa. Idan mai karantawa yana bin bokitan ɗaya bayan ɗaya yana kiran `sum()`, masu zubawa ba su tsaya ba, saboda haka abin da ya tattara ba hoton lokaci guda ba ne. Bokiti na farko tsoho ne da ɗan kaɗan idan aka kwatanta da na ƙarshe. Don rage ɓarnar, kada ka ajiye wata jimlar daban a gefe, ka samo jimlarka daga bokitan da ka karanto. Kuma kada ka mayar da su sifili bayan karantawa, domin abin da aka zuba tsakanin karantawa da sharewa zai iya tafiya. Bar su su yi ta hauhawa, kai kuma ka riƙa cire karatun baya daga na yanzu.

Mataki na 4: Koma kan `Recorder`

Don aikin gaske, `Recorder` na HdrHistogram shi ne abin riƙewa. Yana aiki da histogiram biyu, ɗaya masu zubawa suna ciki, ɗaya a ajiye. Idan mai karantawa ya zo, sai a musanya su: sababbin alƙaluma su nufi wanda babu komai a cikinsa, shi kuma mai karantawa ya ɗan dakata har zaruruwan da suka riga suka sa hannu a tsohon su gama, sannan ya ɗauke shi. Kamar mai ga-ruwa ne a bakin famfo. Ba ya kashe famfon, tiyon yake mayarwa cikin wata jarkar, ya bari ɗigon ƙarshe ya sauka, sannan ya janye wadda ta cika. Abin da ke tsara musanyar nan a cikin laburaren sunansa `WriterReaderPhaser`. Duk wani jira a kan mai karantawa yake, mai zubawa ba ya jiran kowa.

```java
static final long MAFI_GIRMA = TimeUnit.MINUTES.toMicros(10);
static final Recorder jinkiriMikro = new Recorder(MAFI_GIRMA, 2);
```

Sau ɗaya ake ƙirƙirarsa, lokacin da manhaja ke tashi, duk zaruruwa su yi tarayya a kansa. Ka tuna lissafin memorin mataki na 1 aƙalla ninki biyu ne a nan, tunda histogiram biyu ne.

Idan ba ka san iyakar sama ba, akwai `new Recorder(2)`, wanda ke faɗaɗa kansa idan babban adadi ya zo. Yana da daɗi, amma ni na fi son in sa iyaka da kaina, in san memorin da na ware tun farko, maimakon wani adadi na shirme ya sa shi kumbura da tsakar dare.

Akwai kuma `SingleWriterRecorder`, wanda ya fi sauƙin nauyi amma zare ɗaya tak zai zuba a cikinsa. Masu neman matuƙar sauri sukan ba kowane zare nasa, mai karantawa ya bi su ya haɗa. Wannan ya yi daidai idan zaruruwanka ƙayyadaddu ne, a ce 16 ko 32 da ke nan tun tashin manhaja har rufewarta. Idan kuwa ana haifar su ana kashewa, ko kana amfani da zaruruwan nan marasa nauyi da suka zo da Java 21 a 2023, waɗanda kan kai dubban ɗaruruwa, kada ka kusanci wannan dabara. Ninka 30KB sau 100,000 ka gani. Fara da `Recorder` guda, ka auna, sai ka tabbata shi ne ke riƙe ka kafin ka sauya.

Mataki na 5: Zubawa, da agogon da ya dace

```java
long fari = System.nanoTime();
try {
    amsa(bukata);
} finally {
    long mikro = (System.nanoTime() - fari) / 1_000;
    jinkiriMikro.recordValue(Math.min(mikro, MAFI_GIRMA));
}
```

Layuka kaɗan ne, amma kowanne da dalilinsa.

`System.nanoTime()` ake amfani da shi, ba `System.currentTimeMillis()` ba. Na biyun agogon bango ne, kuma NTP, mai daidaita agogon inji ta intanet, ko mai kula da injin na iya tura shi gaba ko ya ja shi baya ana tsakiyar awo. Sai ka samu jinkirin da ya gaza sifili, HdrHistogram kuwa ba ya karɓar irin wannan, `ArrayIndexOutOfBoundsException` zai jefo maka. `nanoTime` ba ya komawa baya, amma bambancin karatu biyu a cikin manhaja ɗaya ne kawai ke da ma'ana. Kada ka ɗauki farko a wannan injin, ƙarshe a wancan.

`Math.min` ɗin nan ma don gudun wannan kuskuren ne. Adadin da ya zarce abin da histogiram zai iya ɗauka shi ma kuskure yake jefowa, kuma tunda a cikin `finally` muke, zai iya danne ainihin kuskuren buƙatar, ko ya kashe buƙatar da ta riga ta yi nasara. Abin kunya ne awo ya zama sanadin faɗuwar aiki. Idan kana so, ajiye `LongAdder` guda a gefe yana ƙirga sau nawa aka datse adadi, domin ka san ko iyakarka ta yi kaɗan.

`finally` kuma don kada buƙatun da suka faɗi su kuɓuce wa awo. Waɗanda suka jira har wa'adinsu ya ƙare su ne mafi muni, idan ba a ƙirga su ba rahoto zai yi kyau alhali jama'a na kuka. Sai dai ka raba su: nasara da nata `Recorder`, faɗuwa da nata. Buƙatar da aka kora nan take saboda kalmar sirri ba daidai ba takan gama cikin ƙiftawar ido, idan ta yi yawa sai ta ja p50 ƙasa, ka zaci sabar ta ƙara sauri.

A wannan wuri kada ka rubuta log, kada ka haɗa dogon rubutu, kada ka kira wata sabar. Zuba ka wuce.

Mataki na 6: Mai karantawa guda ɗaya

```java
private Histogram tazara = null;
private final Histogram jimla = new Histogram(MAFI_GIRMA, 2);

void karanta() {
    try {
        tazara = jinkiriMikro.getIntervalHistogram(tazara);
        if (tazara.getTotalCount() == 0) return;
        jimla.add(tazara);
        System.out.printf("n=%d p50=%d p99=%d max=%d%n",
            tazara.getTotalCount(),
            tazara.getValueAtPercentile(50.0),
            tazara.getValueAtPercentile(99.0),
            tazara.getMaxValue());
    } catch (RuntimeException e) {
        e.printStackTrace();
    }
}
```

Sai ka ɗora shi a kan `Executors.newSingleThreadScheduledExecutor()` da `scheduleAtFixedRate`, duk sakan 10, ko yadda ya dace da kai.

Kowane kira na `getIntervalHistogram` yana ba ka abin da aka zuba tun kiran baya ne kawai, ya buɗe sabon shafi. Saboda haka idan wurare biyu a manhajarka suna kiransa, a ce mai rubuta log da mai aika wa allon sa ido, za su riƙa sace wa juna alƙaluma, kowanne ya samu rabi. Mai karantawa ɗaya ne, shi zai raba wa sauran. Idan wani zaren zai duba sakamakon, ba shi kwafi da `copy()`, domin `tazara` ɗin nan da muke mayarwa a kira na gaba za a share shi a sake amfani da shi. Mayarwar ce ke hana ƙirƙirar sabon histogiram duk sakan 10, kuma dole ya zama wanda ya fito daga wannan `Recorder` ɗin, ba na wani ba.

`try` ɗin ba ado ba ne. Aikin da aka ɗora a `scheduleAtFixedRate`, idan ya jefo kuskure sau ɗaya, ba za a sake gudanar da shi ba, kuma shiru kake ji. Rahoto ya tsaya cak, sabar na ci gaba da aiki, babu wanda ya lura sai ranar da aka nemi alƙaluma.

Wani tuntuɓen da kowa ke yi: `getValueAtPercentile` daga 0 zuwa 100 yake karɓa. Ka ba shi 0.99, zai ba ka kusan mafi ƙanƙantar adadi, ka yi ta murna. Prometheus kuwa akasin haka ne, 0.99 yake so.

Kullum ka buga `n`, wato yawan buƙatun, tare da sauran. p99.9 daga buƙatu 200 ba shi da wata ma'ana, domin sai an kai 1,000 kafin a samu ko guda ɗaya da ke samansa. Ka buga `max` ma. Mutane na raina shi wai tsautsayi ne, alhali shi ke fara nuna maka tsayawar da mai kwashe sharar memori na Java ya jawo, wato abin da ke share memorin da aka gama amfani da shi.

Mataki na 7: Haɗa bokitai, kada ka haɗa p99

Kana da sabobi biyu. Ta farko ta amsa buƙatu 10,000 da p99 na milisakan 20, ta biyu ta amsa 50 da p99 na 2,000. Matsakaicinsu 1,010, adadin da bai bayyana ko ɗaya daga cikinsu ba, balle su biyun a haɗe. Haka ma p99 na mintuna sittin ba a tara su a raba da sittin a ce na awa ne. Bokitan ake haɗawa da `add()`, sannan a fitar da p99 daga abin da aka haɗa. Shi ya sa `jimla` take a kod ɗin sama.

Don haka ka adana histogiram ɗin kansa, ba sakamakonsa kaɗai ba. `HistogramLogWriter` yana rubuta na kowace tazara a matse cikin fayil, `HistogramLogReader` ya karanto su, ka haɗa na kowane lokaci ko na kowace sabar da kake so.

Mataki na 8: Jinkirin da abin gwaji ke ɓoyewa

Wannan ya shafi gwajin lodi, kuma Gil Tene ya yi suna wajen jan hankali a kansa. A ce abin gwajinka yana aika buƙata duk milisakan 10, amma sai amsa ta dawo yake aika ta gaba. Cikin minti guda sabar ta sandare na sakan 2. A sauran sakan 58 an rubuta buƙatu 5,800 masu sauri, a lokacin sandarewar kuwa guda ɗaya tak aka rubuta, domin abin gwajin ya zauna yana jira. p99 zai fito tas. Alhali da mutane ne na gaske, 200 ne za su iso cikin sakan biyun nan, fiye da kashi 3 cikin 100 na buƙatun mintin, kowannensu kuma sai ya ɗanɗana jira.

Maganin da ya fi shi ne a auna daga lokacin da ya kamata a aika buƙatar, ba daga lokacin da aka samu damar aika ta ba. wrk2 haka yake yi, kana ba shi adadin buƙatu a sakan da `-R`. Idan abin gwajinka ba zai gyaru ba, yi amfani da `recordValueWithExpectedInterval(mikro, 10_000)`. Idan adadi ya wuce tazarar da ka faɗa, sai ya cike gurbin waɗanda suka ɓata: ya zuba adadin, ya rage tazara ɗaya ya zuba, ya sake ragewa ya zuba, har ya sauko. Kada ka yi amfani da shi a cikin sabar da jama'a ke shigowa yadda suka ga dama, domin can babu tsayayyiyar tazara, alƙaluman ƙarya za ka ƙirƙira.

Idan ba Java kake ba, ko Prometheus ne a gidanku

Inda ake amfani da Prometheus, laburarensa ya riga ya ɗauke maka wahalar zaruruwa, kiran `observe` kawai za ka yi, kuma da ma'aunin sakan ake ba shi adadi bisa al'adarsu. Aikinka shi ne zaɓen iyakoki. Waɗanda yake zuwa da su a laburaren Go su ne 0.005, 0.01, 0.025, 0.05, 0.1, 0.25, 0.5, 1, 2.5, 5 da 10. Idan duk amsoshinka suna ƙasa da milisakan 5, bokiti ɗaya za su faɗa, `histogram_quantile` kuma kintace zai yi maka, domin yana ɗauka alƙaluma sun bazu daidai wa daida a cikin bokiti. Idan p99 ya faɗa bokitin ƙarshe marar iyaka, iyakar da ke ƙasa da shi zai ba ka, sai ka ga layi a miƙe a kan 10 ka zaci daidaito ne. Ka sa iyaka daidai kan adadin da kuka yi alƙawari, idan milisakan 300 ne to a samu 0.3 a jerin. Kuma kada ka sa lambar mai amfani ko cikakken adireshin shafi a matsayin lakabi, kowane sabon lakabi sabon jerin bokitai ne.

A Go, `sync/atomic` zai yi maka aikin mataki na 3, kuma `go test -race` yana kama irin asarar mataki na 2. A Python, kada GIL, kwaɗon da ke barin zare ɗaya kaɗai ya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, ya ruɗe ka, `x += 1` can ma ba bugu ɗaya ba ne, sa `threading.Lock`.

Mataki na 9: Gwada kafin ka yarda

Dawo da gwajin mataki na 2, amma yanzu zaruruwan takwas su zuba cikin `Recorder`, mai karantawa kuma yana musanyawa duk milisakan ɗaya yana tarawa a `jimla`. Yi amfani da `CountDownLatch` domin su tashi a tare, in ba haka ba na farko zai iya gamawa kafin na ƙarshe ya fara, gogayyar da kake son gani ba za ta faru ba. Bayan `join`, tsayar da mai karantawa, ka yi karatu ɗaya na ƙarshe don kwashe ragowar. `jimla.getTotalCount()` dole ta zama 8,000,000 cif, a kowane zagaye. Wannan karatun na ƙarshe ka sa shi a wurin rufe manhajarka ta gaske ma, in ba haka ba tazarar ƙarshe kafin kashewa, wadda sau da yawa ita ke ɗauke da labarin abin da ya faru, za ta tafi.

Sannan gwada daidaito da alƙaluman da ka san amsarsu. Zuba 1 zuwa 10,000, kowanne sau ɗaya. p50 ya kamata ya faɗo kusa da 5,000, p99 kusa da 9,900, cikin kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari da lamba 2 ta yarda da shi. Zuba adadin da ya ninka `MAFI_GIRMA` ta hanyar kod ɗinka na mataki na 5, ka tabbata buƙatar ta wuce lafiya.

Idan kana son sanin nauyin da awon kansa ya ɗora wa sabar, yi amfani da JMH, kayan auna saurin kod ɗin Java, da zaruruwa daidai yawan na sabarka, kada ka dogara da madauki da agogon hannu. A gwajin lodi kuma ka ware tazarorin farko daban, domin kafin JIT, mai juya kod ɗin Java zuwa harshen inji ana cikin aiki, ya gama sarrafa kod ɗin, manhajar Java tana tafiya a hankali. Ka ajiye su a fayil nasu maimakon ka zubar, saboda jiran da masu amfani ke yi ke nan duk lokacin da aka sake tada sabar.